Saƙon da Ya Riga Ni Isa Kumasi

Motar da ta ɗauke mu daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai, wanda ya ƙera ta mutum goma sha takwas ya nufa, amma direbanmu mai son jama'a ne, bakinsa bai iya cewa ta cika ba. Na yi tafiyar da gwiwar wani Buzu a cikin haƙarƙarina, da akuyar wata baiwar Allah a kan ƙafata. Kafin mu kai Doso ni da akuyar mun saba har ta fara cin bakin wandona. Ban hana ta ba, don a duk motar ita kaɗai ce ba ta tambaye ni abin da na ɓoye a hula ba.

Abin da ke cikin hular faifan kwamfuta ne irin na da, wato filofi, guda uku, a naɗe cikin leda. An gaya min matsi yana kashe su, ni kuwa na duba jikina kaf ban ga inda ba a matse ba sai tsakiyar kaina. A cikinsu shafina na intanet yake kusan gaba ɗayansa. Akwai kuma kaya na biyu da nake ɗauke da shi wanda ba ya shiga hula, shi ne saƙon Inna Asabe. Dole in yi bayanin biyun kafin motar ta kai mu Yamai, in ba haka ba mai karatu ba zai gane girman wautar da na tafka a hanya ba.

Sunana Sabi'u, mutumin Kutama ne ni, a lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gwarzo. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba makarantarmu ta samu kwamfuta guda ɗaya, aka lulluɓe ta da zane a ofishin shugaba, kowa yana tsoron taɓawa. Ni na taɓa. In an kawo wuta sai in zauna ina rubuta lambobin shafi da hannu, layi bayan layi, ina kwaikwayo daga wani tsohon littafi da na saya a bakin titi, wanda farkonsa da ƙarshensa duk sun yage. Ran Asabar in kwashe a faifai in hau motar Kano, in shiga kafen intanet na abokina Bala in ɗora. Labaran gida nake sawa: an yi ruwan shuka a Kara, gyaɗa ta yi kyau a Kutama, ɓera ya cinye takardun jarrabawa. Ina ƙara gishiri iya ƙarfina, don ni tun ina ƙarami in na ga ƙadangare a hanya, kafin in isa gida ya zama kada.

Da farko a wani wurin kyauta na ajiye shafin, irin wanda masu shi ke liƙa talla a samansa ba tare da sun shawarce ka ba. Wata rana na buga shi a takarda don in burge kawuna, Malam Idi na Dugabau, sai ga wata Baturiya zaune a saman labarin tafsirin azumi, tufafin jikinta duka ba su isa ɗinkin hula ba. A irin wannan lokaci kuma, da kowa ya sa ido a kan kowa. Malam ya dubi takardar, ya kife ta a kan buzunsa, ya ce, “Sabi'u, gonar taka ce ko aro ka yi?” Na ce aro ce. Ya ce, “To nemi taka.” Shi ya sa na daure na kama wurin kaina da sunan kaina, inda babu mai liƙa min komai. Mutumin da bai taɓa ganin intanet ba shi ya fara koya min ita.

Na kuma yi wa shafin littafin baƙi, inda mai ziyara zai bar magana. Wata da watanni babu wanda ya leƙo sai wani mai sa hannu da sunan Baƙo. Layi ɗaya yake rubutawa. “Tsamiyar bakin masallacin Dugabau tana nan?” Bayan wata guda kuma, “An gyara gadar hanyar Kabo?” Na tabbata Bala ne ke min tsiya don ya san babu mai karantawa. Na tuhume shi ya rantse ba shi ba ne, amma Bala ko ka kama shi da cokali a baki zai rantse azumi yake. Sai na riƙa mayar da tsiyar: tsamiya ta tafi aikin hajji, gada kuma tana jiran a gama zaɓe.

To, na samu gurbin kwas na wata biyu a wata 'yar makaranta a Kumasi, inda ake koyar da rubuta manhajar shafi. Saura kwanaki kaɗan in tashi, Allah ya yi wa Malam Idi rasuwa.

Malam yana da ɗa namiji babba, Haladu, sa'ana kuma taubashina, wanda muka taso muna yi wa juna tsiya tun muna cin ƙasa. Malam ya so ya gaje shi a makarantarsa, Haladu ya ƙi, ya tafi masaƙa a Kano. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame su, ya dawo gida, suka yi wata magana da Malam a zaure wadda har yau babu wanda ya san ƙarshenta, washegari ya bar garin. Ya yi aike sau ɗaya, bai samu amsa ba, bai sake ba. Daga bakin masu fataucin goro muka ji yana zangon Kumasi yana ɗinki.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa, Inna Asabe, ta aika aka kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ta ce in matso.

“An ce garin da yake za ka.”

“Nan za ni, Inna.”

“To zan ba ka aike, amma na san bakinka. Bakinka ba shi da ƙyaure.”

“Haba Inna, an sa masa tun bara.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga yatsu uku. “Na farko, ka ga ya ci abinci ya zauna. Ba a gaya wa mutum irin wannan a tsaye, ko da yunwa a cikinsa. Na biyu, ka gaya masa Malam ya yafe masa. Da bakinsa ya faɗa, a gabana. Ka ce masa Malam ya sa rigar, shi zai gane. Sai na uku ka gaya masa rasuwar. Kada ka juya su, Sabi'u. In ya ji mutuwar kafin yafiyar, ko na tsawon shan ruwa ne, zai ɗanɗani abin da ba na so ɗana ya ɗanɗana.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aiken da aka ba malamin lissafi, ɗaya biyu uku, ina zai ɓata?

A Yamai na fara sanin na bar gida. Na shiga kafe don in ɗora labarin akuya, na tarar da kibod ɗin Faransawa an yi wa harufansa canjin gida, ka nemi wannan ka samu wancan. Aikin da nake yi cikin shan shayi ɗaya sai da ya ci min rabin yini. Duk da haka na rubuta labarin akuyar, na ƙara da na sauron bakin kogi, waɗanda na ce biyu daga cikinsu sun ɗaga min hula suna shawarar ko a cinye ni a nan ko a kai wa iyali. Na kuma sanar da duniya, wato ni da Bala, cewa Kumasi na nufa.

A tashar Yamai ne kuma na gamu da wani ɗan kamasho mai Hausa kamar zuma. Yana jin na ce Gwarzo ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Na tambaye shi wace unguwa, ya ce bayan kasuwa. Duk garin duniya yana da bayan kasuwa, amma ni kewar gida ta riga ta fara taushe min kai. Ya sayar min da tikitin da ya ce zai kai ni har Kumasi ba tare da na sauke jaka ba, har da hatimi. Motar ta kai Wagadugu ta juye mu ta juya. Na nuna tikitin a tasha, aka riƙa miƙa wa juna ana dubawa kamar hoton biki, kowa ya gani ya yi murmushi ya miƙa wa na gaba.

Abin da ya rage a aljihuna ba zai hau motar fasinja ba. Wani tsoho mai shayi a zangon Hausawa, Baba Ɗanjuma, shi ya tsince ni. Ya ji labarina, ya zuba min shayi ya yanka burodi, ya nuna min benci ya ce nan ne ɗakina. Ya ce akwai motar albasa da ke zuwa Kumasi, direban ɗan ƙanwarsa ne, in jira. Na ce yaushe za ta zo? Ya ce, “In ta zo za ka ji warinta.”

Kwana biyu ina kan bencin nan. Rana ta biyu na zauna ina lissafi da yatsu, na ga ranar ce ake sadakar bakwai a Dugabau. Na san a daidai wannan lokaci an shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, ana fito da ƙwaryar gumba, dattawa suna gardamar ko sadakar ta halatta ko bidi'a ce, suna gardamar suna ci. Ni kuwa ina ƙasar da ko “sannu da haƙuri” babu mai ce min, don babu wanda ya san an yi min rashi. Baba Ɗanjuma ma ban gaya masa ba, ban san dalili ba.

Akwai wani kafe a bayan zangon, na wata mata 'yar ƙabilar Mosi. Na gyara mata wata kwamfuta da ta ƙi tashi, ta ce in zauna in yi aikina kyauta. Na zauna da niyyar in rubuta labarin ɗan kamasho da kakarsa. Hannuna ya rubuta wani abu daban. Na rubuta cewa yau kwana bakwai da rasuwar kawuna Malam Idi na Dugabau. Na rubuta yadda yake fiƙe alƙalami da wuƙar da ta girme ni, da yadda yake yin gyaran murya tun daga nesa kafin ya shigo zaure, don mu samu damar ɓoye ɓarnar da muke yi, ya shigo ya tarar da mu salihai. A duk abin da na taɓa sawa a shafin nan, shi kaɗai ne ban ƙara masa gishiri ba. Maganar yafiya kuwa ban sa ba, na ce wannan sirrin gida ne, ba a baza shi a titi. Na ɗora, na ji ƙirjina ya yi sauƙi, na koma benci na sha shayi.

Na sha tambayar kaina yadda Haladu bai faɗo min a rai ba. Gaskiyar ita ce ya faɗo, na kore shi. A tunanina intanet ta 'yan boko ce irina. Tela a zango, me zai kai shi kafe? Ga shi na saba da shafin kamar ɗakin kwanana, ina magana a cikinsa ni kaɗai, har na manta ni da hannuna na cire masa ƙofa.

Motar albasa ta zo washegari, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, warinta ya riga ta. Na hau saman buhuna. Mun tsallaka iyaka da kaɗan wani ƙarfe a ƙarƙashinta ya karye, direba ya tafi neman wani, ya bar mu a gefen hanya kwana biyu muna cin albasa da gari. Har yau in matata tana yanka albasa ina tashi in ba ta wuri, ba don hawaye ba, don mun san juna da yawa.

A Tamale motar ta tsaya sauke wasu buhuna, na ruga kafe don in ba Bala labari. Na buɗe littafin baƙi. Baƙo ya rubuta, kuma wannan karon layi uku ne.

“Wace rana ya cika? Wa ya yi masa salla? Ya ambaci wani?”

Bala da ni muka ɗauki makarar. Ba zai tambayi ranar ba.

Na zauna ina kallon layi na ukun nan har harufan suka fara rawa. Na tuna tsamiyar da na ce ta tafi hajji. Shekara guda mutum yana tsaye a bakin ƙofata yana tambayar gidansu, ni ina masa tsiya. Na goge ta'aziyyar daga shafin, wanda amfaninsa bai wuce a rufe rijiya bayan guga ya faɗa ba. Sannan na rubuta a ƙarƙashin tambayarsa, “Ya yafe maka.” Na duba, na goge. Wa zai yarda da wannan a shafin da sauro ke ɗaga hula? Kuma Inna cewa ta yi sai ya ci ya zauna tukuna. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe na sa, “Ina hanya. Akwai saƙo daga Inna. Ka jira ni.” Har yau ban san ko daidai na yi ba. Daga baya na ji bai ma sake komawa kafe ba, duk wanda na rubuta iska zai karanta.

Daga Tamale zuwa Kumasi ban yi wa kowa barkwanci ba. Yaron mota ma babu, direban ne da kansa ya leƙo ya tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Samun Haladu bai yi wuya ba. Na tambayi tela Bakano a zango, aka nuna min wani shago a ƙarƙashin matattakalar bene, kusa da masallaci. Yana zaune a bayan keke, keken a rufe. Ya yi furfura a gefen kunne kamar ta Malam. Muka gaisa, gida, aiki, gajiya, hanya, duk a tsaye. Sai na jarraba abin da muka saba.

“Shekara nawa kana ɗinki, Haladu, har yanzu ba ka ɗinka wa kanka tsoka ba?”

A ƙa'ida sai ya ce ni na cinye rabonsa, ya nuna tumbina. Taubashi ba ya barin bashin magana ya kwana. Ya dube ni kawai ya ce, “Zauna, Sabi'u.”

Matarsa Memuna ta kawo wake da shinkafa a kwano mai murfi, ta ajiye, ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ce a hankali, “Ko kai za ka sa shi ya ci. Kwana shida ke nan sai ruwa da koko.”

Na buɗe kwanon na tura gabansa. Ban san abin da ya sa na kama ɗaya biyu ukun Inna ba, alhali na san sun riga sun tarwatse. Na ce, “Bismilla. Mu ci tukuna, akwai magana.”

“Na karanta,” in ji shi. “Ranar da ka sa, ranar na gani. Na je ne in ji ko ka taso daga Yamai. A hagu da ni wata mata tana rubuta wa mijinta wasiƙa, rediyo yana kiɗa. Na kai wurin gyaran murya sai mai kafe ya taɓa kafaɗata ya ce lokacina ya ƙare. Na tashi na biya na fito. Washegari na koma na yi maka tambaya, ban iya komawa duba amsa ba.” Ya mayar da murfin kwanon. “Ban ga laifinka ba. Da ma wanda ya bar gida haka, a titi ya kamata ya ji.”

“Haladu, Malam ya yafe maka. Inna ce ta aiko ni. Shi ne saƙon da ya kamata ka fara ji, ni na juya shi.”

Ya yi wani guntun murmushi wanda gara a mare ni da shi. “Allah ya saka da alheri, taubashi. Ka kyauta.”

“Ba kyautawa ba ce, gaskiya ce.”

“Sabi'u, shekara guda ina karanta ka. Ɓeran da ya cinye takardun jarrabawa ka ce har ya ci lissafi da sakamako mai kyau. Ka ga na rame, tausayi ya kama ka, bakinka ya yi abin da ya saba. Na san Malam. Na ɗinka masa riga da hannuna, wata uku ina aikin wuyanta, na aika, ko an karɓa bai ce ba.”

“Rigar. Inna ta ce in gaya maka ya sa rigar.”

“Yanzu na ambace ta, yanzu ka tsince ta.”

Ban taɓa jin nauyin halina ba sai ranar. Shekara arba'in ina zuba gishiri ana dariya, ranar da nake buƙatar a yarda da magana ɗaya tawa, babu abin da zan jingina ta da shi. Na zauna ina murza hulata a hannu, na ji faifan da ke ciki, sai wani abu ya faɗo min.

“Wace irin riga ce?”

“Shuɗiya. Aikin wuyan kore.”

“Ka taɓa buɗe hoton Sallah a shafina? Wanda na sa wa suna Sallah a Dugabau?”

Ya ce sau uku yana gwadawa. Sama yake gani, da rassan tsamiya, da saman rawani, sai lokacinsa ya ƙare. Ko fuskar bai taɓa kai wa ba.

Laifina ne wannan ma. Wani mai hoto a Kabo ya ɗauki Malam a ƙofar masallaci ranar ƙaramar Salla, na kai Kano aka sa a sikana, ni kuwa don son burgewa na ce a yi shi mafi girma da na'urar za ta iya. Ya yi nauyin da ko faifai bai shiga ba, daga kwamfutar Bala na ɗora shi kai tsaye, ban sake buɗe shi ba. A zamanin nan hoto daga sama yake saukowa, layi-layi, kamar ana saƙa tabarma, kuma nawa ya fi na kowa jinkiri. Abin da ya fi damuna, ban iya tuna launin rigar da Malam ya sa ba. Na tuna dai ba fara ba ce. Na ce masa ya tashi mu je, ina tafe ina addu'a a zuci.

Mai kafen Ba'asante ne mai ƙiba, shi ne wanda ya taɓa kafaɗar Haladu kwanakin baya. Na buɗe hoton. Sama ta fito, sannan ganyen tsamiya, sai ya tsaya. Na je na yi wa mai kafen bayani da Turancin malamin lissafi: hoton mahaifin mutumin nan ne, ya rasu, shekaru da yawa bai ga fuskarsa ba. Ya dubi Haladu, na ga alamar ya tuna shi. Ya tafa hannu ya yi wa mutanen ɗakin magana da yarensu. Layin waya ɗaya duk kwamfutocin ke sha, in kowa ya tsaya namu zai yi sauri. Mutane suka janye hannu daga kibod. Wasu suka taso suka tsaya a bayanmu, ba su san mu ba, ba su san Dugabau ba.

Rawani ya sauko. Goshi. Girar nan mai kauri da ke tsorata mu. Da idanun suka fito Haladu ya riƙe gefen tebur. Malam bai saba da hoto ba, ya zare ido kamar an kama shi da laifi. Hanci, sannan gemu, gemun kuwa sai da ya ci mana lokacin da za a dafa shinkafa, na rantse ban taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba. A ƙarƙashin gemun wani layi ya fito mai duhu. Na biyu ya biyo shi. Shuɗi ne. Na saki numfashin da na riƙe tun daga Tamale.

Haladu yana jira. Aikin wuyan ya fara fitowa, kore, yana lanƙwasa. Da ya kai wajen kafaɗar hagu sai ya ɗora yatsa a kan gilashin.

“Nan zare ya ƙare min,” ya ce. “Na nemi irinsa a duk kasuwa ban samu ba, na ƙarasa da wanda ya fi shi haske. Ka gani?”

Na gani. Wani ɗan wuri ne kamar faɗin farce biyu, koren ya bambanta.

“Ranar Salla ya sa ta,” in ji shi, ba da ni yake ba. “A gaban mutane.”

Ya zauna har hoton ya sauka zuwa takalma. Babu wanda ya taɓa kafaɗarsa. Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Wai kai ne injiniyan Kutama? Hoto ɗaya, har gemuna ya ƙara tsawo ina jira. Da a jaki ka aiko shi da ya riga ka zuwa.” Ya buga min tumbi da bayan hannu. “Kuma wannan, buhun albasa nawa ka sace a hanya?”

Muka koma shago. Wake da shinkafar ta huce, ya buɗe kwanon ya ci da hannu, ban samu ko loma biyar ba.

A makon ya tafi gida gaisuwa. Ni na tsaya na yi kwas ɗina, inda darasin farko da aka koya mana shi ne yadda ake rage nauyin hoto. Na rage duk na shafin, na bar wannan ɗaya yadda yake. Tun daga nan kuma ban sake sa rasuwar kowa ba sai na je gidan da ƙafata na tambaya ko akwai wanda ke nesa da bai ji ba tukuna.

Da na dawo na tarar Haladu bai tona ni ba. Na yi kwana biyu ina jin daɗin haka, na uku na kasa, na tafi Dugabau na durƙusa a gaban Inna Asabe na faɗa mata komai, ba ƙari ba ragi. Na ce ta ba ni ɗaya biyu uku, na kai su uku biyu ɗaya.

Ta daɗe tana jan carbi.

“Kwana nawa ya yi a tsakani?”

“Shida, Inna.”

Ta rufe ido. Na ga leɓenta yana motsi, kamar tana bin kwanakin ɗaya bayan ɗaya tana duba ɗanta a cikin kowanne. Na so in faɗi wani abin dariya, na nema a duk jikina ban samu ba.

Can ta buɗe ido ta ce, “Da ka gaya masa, ya ci abinci?”

“Ya ci, Inna. Har da rabona.”

“To,” ta ce. Ta jawo ƙwaryar fura ta tura min. “Sha naka.”